Mijin Todorka a Birnin Rum

A bazarar da nake ba ku labari, yayana Tsanko ya yi makonni yana yawo a ƙauyenmu kai a sunkuye, hula ta rufe masa ido kamar mara gaskiya. Shamuwa ta dawo tun tsakiyar Maris, ta sauka a sheƙarta da ke kan turken wutar lantarki daidai ƙofar gidansa, tana ta ƙwanƙwasa baki yadda ko kurma sai ya ji. Kowa ya gan ta. Kowa ya kwance zarensa na Maris, ja da fari, ya ɗaura a reshe mai fure kamar yadda muka taso muka tarar ana yi. Shi kaɗai ya rage da nasa a wuyan hannu, har farin ya koma baƙi da man inji.

"Tsanko, ɗaga kai mana! Ga baƙuwarka can tana gaishe ka," in ji masu wasan kati a ƙofar kanti.

"Ban ga komai ba."

"To wannan farin kashin da ke kafaɗarka fa, mala'ika ne ya yi maka?"

"Na ce ban gani ba. Ku ji da katinku."

Ba hauka ya yi ba, ko da yake ni ma na zarge shi da haka. Mu a nan Bulgariya ba a kwance zaren sai mutum ya ga shamuwa ko itace ya yi fure, in kuwa ya gani ba ya barin sa a hannu. Yaya ya rantse ba zai ga bazarar bana ba sai a birnin Rum, tare da matarsa Todorka. Su kwance zarensu su ɗaura a kan bishiya ɗaya, sannan ya ce mata ta haɗa kaya, tafiya gida ta yi. Wannan kaɗai ne a ransa.

Tsanko makaniken tarakta ne tun yana saurayi. Mutum ne mai manyan hannuwa da ƙarancin magana, irin wanda in ka tambaye shi lafiya sai ya tsaya ya yi tunani kafin ya amsa. Ni ƙanwarsa Neda, ni na kwashe bakin gidanmu duka, ban rage masa ko kaɗan ba. Ya auri Todorka daga ƙauyen ƙetaren rafi, yarinya mai dariya da ƙarfi, wadda take tatsar shanu a gonar haɗin gwiwa tana waƙa. Suka haifi ɗa guda. Ba zan ce muku sun yi soyayyar da ake rerawa a rediyo ba, amma na sha ganin sa yana ɗumama mata takalma a gefen murhu kafin ta fita da sassafe, in na yi masa tsiya ya ce ai takalman ne suka matso da kansu.

Da aka rufe gonar, aka sayar da shanun, aka sace rufin rumbunan, ƙauyenmu ya fara zubewa ta ƙasa kamar buhun da ɓera ya huda. Samari suka tafi gine-gine a Jamus da Sifen. Mata kuwa suka shiga bas zuwa Italiya da Girka, renon tsofaffin wasu. Todorka ta tafi lokacin ɗansu na shirin shiga jami'a. Ta ce shekara biyu ne. Yaron ya gama, ya yi aure, ya tafi nasa neman a Jamus, ya haifi 'ya'yan da ba sa jin yarenmu sosai, Todorka tana can. Duk watan Agusta ta zo ta yi 'yan makonni, ta wanke labule, ta yi faɗa a kan yadda ya bar kicin, ta cika masa kwalabe da miyar tattasai, ta ce, "Baɗi war haka ina gida gaba ɗaya." Shi kuma ya kai ta tasha ya dawo wajen zumarsa da kurangar inabinsa. Kusan shekara ashirin ana wannan baɗin.

Ran Lahadi take kiran sa, yana ganin fuskarta a waya, kullum daga kan wani benci, bayanta itatuwa. Bai taɓa ganin ɗakin da take kwana ba. Na ce masa, "Yaya, wannan matar taka a lambu take kwana ne?" Ya ce masu gidan ba sa son hayaniya.

Agustan bara ba ta zo ba. Ta ce tsohuwar da take kula da ita ta faɗi ta karye a ƙugu. Na ga yadda abin ya ci Yaya. Ya rame, wandonsa ya koma sai da igiya. Sai ga shi ƙungiyar 'yan fansho ta garin Vidin ta shirya yawon buɗe ido zuwa Italiya a ƙarshen Maris, bas guda, da otal, da mai yi wa mutane jagora. Mutumin da bai taɓa wuce babban birninmu Sofiya ba, can ma sau ɗaya don a duba masa ido, ya je ya rubuta sunansa. Na ce ba za a bar wannan bawan Allah ya ɓace a ƙasar mutane ba, na rubuta nawa.

"Ka gaya wa Todorka kana zuwa?"

"A'a. In na faɗa za ta ce in bari sai baɗi."

Ya zauna da kansa ya murɗa mata zare da ulun da ya samo wajen maƙwabciya, da waɗannan yatsun nasa kamar guduma, har da 'yan tuntaye biyu a ƙarshe. Ɗaya ya fi ɗaya girma. Ya naɗe shi a hankici ya sa a aljihun ƙirji.

Tafiyar ba abin da zan ce sai Allah ya isa tsakanina da kujerar bas. Muka ratsa Sabiya da ƙasashen da ke bayanta, ƙafafuna suka kumbura, matan baya suna ta waƙa suna miƙa ƙwai dafaffe da cuku daga kujera zuwa kujera. Yaya ya zauna ta gefen hanya, ya bar mini taga, don kada idonsa ya faɗa kan fure. Jakarsa na kan cinyarsa, cike da kwalaben zuma da giyar inabinsa, bai yarda an sa ta a ƙarƙashin mota ba.

Rum kuwa ta riga mu shiga bazara da nisa. Mu da muka baro gida da manyan riguna muka sauka cikin rana mai daɗi, mutane na zaune a bakin titi suna shan kofi, ko'ina ƙanshin fure, ko'ina 'yan yawon buɗe ido kamar an buɗe garke. Mai jagorarmu, wata siririyar yarinya 'yar Sofiya, ta ɗaga lema ruwan ɗorawa ta ce duk wanda ya rabu da lemar nan ya rabu da ƙasarsa. Muka bi lema. Ta kai mu babban tsohon filin nan da rabinsa ya zube, inda aka ce da ana haɗa mutane faɗa da zakuna. Kowa na ta ɗaukar hoto. Yaya ya ɗaga hula kaɗan ya duba ya ce, "Su ma an sace musu rufi." Ta kai mu wurin ruwan da ake juya baya a jefa tsaba don a sake dawowa garin. Na ce ya jefa mana. Ya ce shi bai zo don ya dawo ba.

Bayan cin abincin rana ya raɓe jikin wani bango ya kira Todorka a waya. Ina kusa, ina jin muryarta.

"Lafiya? Yau ba Lahadi ba ce."

"Ina Rum, Todorka."

Ya cire wayar daga kunne ya duba ko ta katse, sai ga muryarta ta dawo.

"Kai da wa?"

"Ni da Neda. Faɗa mini inda gidan yake, in zo."

"Kada ka zo gidan! Tsanko, don Allah kada ka zo." Ta rage murya. Ta kwatanta mana wani lambun shaƙatawa a kan tudu, ta ce gobe da hantsi za ta fito da tsohuwar shan iska. "Ku zauna a benci. Idan na zo kada ka rungume ni. Ka gaishe ni kamar yadda za ka gai da kowace 'yar ƙasarku. Zan yi maka bayani."

Ya mayar da wayar aljihu ya ce, "Masu gidan ba sa son hayaniya." Ni kuwa jikina ya ba ni akwai magana. Na ja mai lema gefe na tambaye ta yadda ake cewa "mijinta ne" da yaren Italiya. Ta faɗa mini, na yi ta maimaitawa a zuci har ya zauna daram.

Washegari muka bar sauran suka tafi layin shiga babban coci, mu muka hau tudun. Yaya ya yi aski, ya sa rigar da ya ɗaura auren ɗansa da ita. Tun kafin mu kai benci na hango wata bishiya a gefen hanya, ta yi fure ruwan hoda tun daga gindi har sama, rassanta na ƙasa kuwa cike da zaren Maris. Ba ɗaya ba, ba goma ba. Sababbi masu haske, da na bara da suka koɗe, da waɗanda suka yi shekaru har suka nutse cikin ɓawon reshen. Matanmu ne. Duk wadda ta baro miji da 'ya'ya a wani ƙauye irin namu, nan take zuwa ta ɗaura nata. Na tsaya, hawaye ya cika mini ido ba tare da na shirya ba. Yaya ya juya wa bishiyar baya ya zauna.

Sai ga Todorka tana turo keken guragu, wata 'yar ƙanƙanuwar tsohuwa a ciki, an lulluɓe mata ƙafafu da bargo. A gida Todorka ɗankwali take ɗaurawa da tsohon siket. Wannan matar ta rina gashi, ta sa tabarau na rana, tana tafe tana yi wa tsohuwar hira da yarensu, yana zuba daga bakinta kamar da shi aka haife ta. Har dariyar nan tata ta da, wadda na daɗe ban ji ba, na ji ta a ranar, amma ba da mu take yin ta ba.

Ta tsayar da keken a rana, ta gyara bargon, ta jira har Sinyora Adele, sunan tsohuwar ke nan, ta fara gyangyaɗi. Sannan ta zauna a ƙarshen bencin, jakar kwalabe tsakaninta da mijinta.

"Ka rame," ta ce.

"Kin yi kyau."

"Matar Yaya," na ce, "mun yi doguwar tafiya, ba gaisuwa muka zo yi ba. Wane irin gida ne miji bai isa ya ƙwanƙwasa ƙofarsa ba?"

Ta cire tabarau. Ta tsufa ita ma, ashe tabaran ne ya ɓoye tsufan. Ta ce wadda ta riga ta aiki a gidan, mijinta ne ya kwanta ciwo a Romaniya, ta tattara ta tafi rana tsaka ta bar musu tsohuwa. Don haka da suka zo ɗaukar wata, suka ce ba sa son mai miji a gida. Matan lambun nan suka koya mata abin da za ta ce, kowa haka take yi. Ta ce musu mijinta ya rasu. Zuwan Agusta kuwa, ta ce musu kabarinsa take zuwa dubawa.

"Kin kashe shi ke nan," na ce. "Kin kashe mini yaya da ransa, yana can yana share miki tsakar gida!"

"Neda, rage murya, za ki tashe ta."

"Ta tashi mana!"

"Neda," in ji Yaya. Bai ɗaga murya ba, amma na yi shiru. Ya juya wajenta. "Me ya kashe ni?"

"Tsanko…"

"Tambaya ce. Sai in sani."

"Zuciya," ta ce, idonta a ƙasa.

Ya jinjina kai kamar an faɗa masa abin da ya lalace a inji. Sannan ya yi mata maganar da ya ɗauko tun daga gida, ita ce magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa. Ya ce yaro ya tsaya da ƙafarsa, ba mai bukatar wahalarta kuma. Ya ce zuma na ba da abin da zai ishe su. Ya ce shi ya gaji da cin abinci a tsaye. "Akwai kujera a bas ɗinmu, na tambaya. Ki zo mu tafi gida, Todorka."

Ta fara da cewa wa zai kula da tsohuwar, ba ta cin abinci daga hannun kowa sai nata. Ya ce za su sami wata, ga matanmu nan birjik. Ta ce sai dai baɗi. Ya ce a'a, ban da baɗi. Sai ta rufe fuska da tafin hannu, da ta buɗe ta faɗi gaskiya.

"Ban iya zaman can ba kuma, Tsanko. In na zo Agusta, kwana uku na farko ina murna. Daga nan sai in ji kamar baƙuwa a gidan wata mata da ta mutu. Ban san inda cokali yake ba. Duk wanda na sani ya tafi ko an binne shi. Nan in na fita mai burodi ya san sunana. Matar nan in ta farka ni take kira kafin ɗanta. Ba wani namiji ba ne, kada ka zaci haka, na rantse da ɗanmu. Kawai dai nan na tsufa. Ban san lokacin da abin ya faru ba."

Da a ce wani namiji ne, da na san wanda zan zaga. Wannan kuwa ba wanda za ka kama. Na ji haushinta har wuya, kuma na ji tausayinta, kuma na ji haushin kaina da na ji tausayin.

Yaya ya sa hannu a aljihun ƙirji ya warware hankicin. Ta ga zaren da tuntayensa ɗaya babba ɗaya ƙarami, ta yi wani sauti tsakanin dariya da kuka.

"Ai nawa na can tun farkon wata," ta ce, ta nuna bishiyar da haɓa. "Nan fure ba ya jira."

A lokacin ne ya juya ya dubi bishiyar, ya dube ta da kyau, daga sama har ƙasa. Ya tashi, ya ciro 'yar wuƙarsa ya yanke baƙin zaren hannunsa don ƙullin ya ƙi kwancewa, ya haɗa da nata sabon, ya ɗaura su a wani reshe can gefe, shi kaɗai. Ita tana zaune, hannunta ɗaya a kan keken.

Yana dawowa sai ga wani mutum mai furfura da kwat mai kyau ya nufo mu yana murmushi, riƙe da askirim a ɗan kofi. Todorka ta miƙe zumbur ta mayar da tabarau. "Ettore ne, ɗanta," ta ce da sauri. "Don girman Allah."

Ya sumbaci uwarsa a goshi, ya dafa kafaɗar Todorka kamar 'yar gida, ya dube mu ya yi tambaya. Ta amsa masa, ta juyo ta ce mana, "Na ce masa 'yan garinmu ne, kun zo yawon buɗe ido." Mutumin ya yi murna ƙwarai, ya ba mu hannu, ya yi ta magana yana nuna ta, yana ɗora hannu a ƙirji. Ba sai an fassara ba, yabon ta yake yi. Ba mugu ba ne, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Sai fuskarsa ta canza, ya rage murya ya sake tambayar wani abu, yana duban Yaya. Todorka ta kau da kai. Ya maimaita, yana jiran ta fassara.

"Me ya ce?" in ji Yaya.

Da ƙyar maganar ta fito. "Wai tunda garinmu ɗaya… ko ka san marigayi mijina."

Kalmar da mai lema ta koya mini tana kan harshena. Kalma ɗaya, in nuna shi da yatsa, shi ke nan. Kafin rana ta faɗi sun sallame ta, ba ta da inda za ta nufa sai kujerar nan ta bas. Yaya ya san na iya ta, don ya ji ina gunaguninta a hanya. Na buɗe baki, sai na ji takalminsa a kan ƙafata, ya danne da dukkan nauyinsa.

Ya cire hula. Ya dubi matarsa, ba Ettore ba.

"Ce masa na san shi. Tare muka yi aiki." Ya ɗan tsaya, kamar yadda ya saba kafin ya amsa magana. "Ce masa bai sha wahala ba."

Ta fassara. Ban san yadda ta iya ba, amma ta fassara har ƙarshe. Ettore ya kama hannun Yaya da hannu biyu, ya girgiza a hankali, yana yi masa ta'aziyyar abokinsa. Tsohuwar ta farka tana kiran sunan Todorka, ta ce iska ta fara yi mata yawa. Todorka ta ɗaga birkin keken ta juya shi. Hanyar gangara ce, dole ta riƙe da hannu biyu ta sa ido a gabanta, ɗan yana tafe a gefenta yana ba uwarsa askirim da cokali.

Yaya ya tsaya a bakin hanyar da hularsa a ƙirji, yadda mazan ƙauyenmu ke tsayawa in an zo wucewa da gawa, har suka sha kwana.